Hoton 3D: yana sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwa aiki ne ko yana ƙara mata kaya?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin ido da masu harkar kwamfuta na wannan zaure. Ana ta kwaɗaita mana, mu malaman makaranta, cewa duk abin da aka nuna wa ɗalibi a siffar 3D, ya fito da tudunsa da kwarinsa kamar ka kai hannu ka taɓa, ya fi saurin shiga kai a kan zane shimfiɗaɗɗe. Har an kai ga maganar sa wa yara gilashin VR a aji, wanda ake ɗaurawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin hoton. Da gaske ne kuwa? Ko dai ido ne ke shan kallo, ƙwaƙwalwa ba ta ƙaru da komai ba? Don Allah duk mai amsawa ya zo da hujja.

Mukhtar:
Wa alaikumus salam Malam. Ai gani ya kori ji. Duniyar nan da muke ciki mai zurfi ce, a cikinta ido ya koyi aiki tun ranar da aka haife mu. To ta yaya abin da ya fi kama da duniya zai gaza zanen takarda? Duk mai musu a sa masa gilashin nan na minti biyar, a ga ko zai sake magana.

Abban Yusra:
Mukhtar, hujja Malam ya nema, kai kuma ka kawo mana talla.

Ni aikina kullum da alƙaluma ne, kuma ba abin da ke ɓata min rai kamar in buɗe rahoto in tarar an mayar da sandunan ƙididdiga wasu akwatuna masu gefe da murfi da inuwa. Sai ka rasa inda za ka karanta tsayin sandar, bakin gaba ko bakin baya? Layin ma'auni yana can jikin bangon baya, sandar tana nan gaba, ka yi ta jan layi da ido a cikin iska. Abin da kallo ɗaya zai ba ka ya koma lissafi.

Tun 1984 William Cleveland da Robert McGill suka yi nazarin yadda mutane ke karanta irin waɗannan zane-zane. A jerin da suka fitar, ido ya fi yin daidai idan an jera abubuwa a kan ma'auni guda, ana duba wane ya fi wane hawa. Tsayi da kusurwa suna biye. Faɗin fili da girman abu mai ciki kuwa suna can ƙasa, nan ne mutum ya fi kuskure. Wato duk sanda ka mayar da sanda akwati, ka ɗauke mai karatu daga inda ya fi ƙwarewa ka kai shi inda ya fi rauni.

Masu wayo kuma sun san haka. A 2008 Steve Jobs ya nuna wani zanen da'ira na rabon kasuwar wayoyi a Amurka, an kwantar da da'irar ta yi 3D. Yankin Apple, kashi 19.5, an ajiye shi a gaba. Yankin sauran ƙananan kamfanoni, kashi 21.2, yana baya. A ido na Apple ne ya fi girma. Kyan ɗan maciji ke nan.

Mukhtar:
Yallaɓai, wannan ai zanen ofis ne. Ni 3D na gaske nake magana, ba na PowerPoint ba.

Dakta Rabi:
Salamu alaikum. Maganar Mukhtar ta ƙarshe tana da amfani, domin abubuwa daban-daban ne ake kira 3D, kuma sai an raba su za a ba Malam amsa.

Da farko dai, hoton da ke sauka a bayan ido shimfiɗaɗɗe ne. Babu zurfi a cikinsa ko kaɗan. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa 'yan alamu ta gina zurfin da kanta, cikin saurin da ba ma lura. Mafi yawan alamun ido ɗaya ya ishe su. Abin da ya tare wani, shi ne a gaba. Abin da ya yi nisa yana ƙanƙancewa. Gefe biyu na titi suna matsowa har su haɗe can gaba. Tsaunin nesa yana dusashewa. Sai inuwa. Sai motsi: kana cikin mota, itatuwan bakin hanya suna wucewa a guje, na nesa kuwa kamar ba sa motsi. Duk waɗannan ana iya sa su a fuskar waya ta yau da kullum, kuma su ne 3D ɗin da Abban Yusra ke kuka da shi.

Akwai kuma alamar da sai da ido biyu. Tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu akwai tazarar kusan santimita 6 da ɗoriya a babban mutum, don haka kowane ido da hoton da yake gani. Ku gwada yanzu: ku ɗaga ɗan yatsa a gaban hanci, ku rufe ido ɗaya, ku buɗe, ku rufe ɗayan. Yatsan zai yi ta tsalle, bangon da ke baya kuwa ba zai motsa sosai ba. Wannan bambancin ƙwaƙwalwa ke aunawa. Charles Wheatstone a Ingila ya nuna haka a 1838 da wata na'ura mai madubai biyu, kowane ido da zanensa. Daga baya, wajen 1960, Béla Julesz ya yi abin da ya fi ban mamaki: hotuna biyu na ɗige-ɗige barkatai, ba siffar komai a ciki, amma da zarar kowane ido ya ɗauki nasa sai ka ga murabba'i ya taso yana shawagi. Gilashin VR da sinimar 3D a kan wannan suka dogara.

To Malam, wanne daga ciki ake so a kawo muku aji?

Malam Habibu:
Dakta, duka biyun ake ambata, ba wanda ya taɓa raba mana su haka.

Kawu Lado:
'Ya'yana, bari in sa baki, don ni a jikina nake jin wannan maganar. Idona na hagu ya mutu tun ina saurayi, sanadin hatsari. A farkon lamarin, sa zare a allura ya gagare ni. Zan ga zaren ya daidaita da kafar allura sarai, in tura, sai ya wuce ta gaba ko ta baya. Haka zura makulli a ƙofa, haka matakalar ƙarshe idan ina saukowa daga bene, ƙafa ta riga ƙasa ko ƙasa ta riga ƙafa. Amma abin da ke nesa bai taɓa ba ni wahala ba. Daga baya na lura, ba wanda ya koya min, kaina yana ɗan kaɗawa dama da hagu kafin in kai hannu ga abu. Da na yi haka sai abin ya fito. Yanzu kam ba ruwana da allura sai dai tsufa.

Dakta Rabi:
Allah ya ƙara lafiya Kawu. Abin da kake yi ɗin nan shi ne alamar motsi da na ambata. Kana ba ido ɗaya hoto biyu a jere, maimakon ido biyu su ba ka a lokaci guda. Kuma gaskiyarka game da nesa: amfanin ido biyu ya fi ƙarfi a iya inda hannu ke kaiwa da 'yan mitoci kaɗan, daga nan sai ya yi ta raguwa, sauran alamu su karɓi aikin.

An ma auna wannan a kwamfuta. Colin Ware da Glenn Franck a Kanada, 1996. Suka ba mutane wani zane mai ɗigo da layuka a sarƙe kamar saƙar gizo, aka ce su bi layi su faɗa ko wannan ɗigon yana haɗe da wancan. Da aka ƙara zurfin ido biyu, girman zanen da mutum ke iya warwarewa ya ninka sau 1.6. Da aka sa zanen yana bin motsin kai, ya ninka sau 2.2. Da aka haɗa biyun, sau 3. Dabarar Kawu ita kaɗai ta fi gilashi shi kaɗai.

Mukhtar:
Yawwa! Sau uku fa aka ce. Yallaɓai Abban Yusra, ina kake?

Abban Yusra:
Ina nan. Ka duba irin aikin da aka ba su tukuna. Layuka ne da suka hau juna, matsalarsu ita ce wane layi ne a sama, wane ne a ƙasa. Zurfi shi ne maganin wannan kai tsaye. Ba a ce su faɗi wane layi ya fi wani tsawo ba.

Injiniya Bashir:
Ni daga ɓangaren masu zana manhajoji zan yi magana, don mun sha wannan rigimar a tsakaninmu, kuma a namu fagen cire zurfin ne ya jawo matsala.

Da can maɓallan waya da na kwamfuta duk masu tudu ne, da haske a sama da inuwa a ƙasa, ka gani ka san abin dannawa ne. Sai aka ce an gaji da wannan kwalliya. Windows 8 na kwamfuta ya fito a 2012 da falle-falle shimfiɗaɗɗu, iOS 7 na wayar Apple ya biyo a 2013 ya share inuwar kusan gaba ɗaya, maɓalli ya koma rubutu mai launi kawai. Ya yi kyau a ido, ba musu. Amma ka zauna kusa da wanda bai saba ba ka ga yadda yatsansa ke yawo a saman waya, ya taɓa kanun rubutu yana jira ya buɗe, ya tsallake ainihin maɓallin don ya ɗauka ado ne. A 2017 kamfanin Nielsen Norman ya bi motsin idon mutane 71 a kan shafuka iri biyu, masu alamar dannawa ƙarara da waɗanda aka shafe wa alamar. A kan shafaffun, mutane sun ɓata ƙarin lokaci kashi 22 cikin ɗari kafin su sami abin da suke nema. Google kuwa tun 2014 ya mayar da inuwa cikin tsarinsa na Material, 'yar siririya, don a san wane falle ne a kan wane.

Abin da ke burge ni shi ne ƙwaƙwalwa ba ta biyan komai wajen karanta inuwar nan. Ta riga ta yanke cewa haske daga sama yake zuwa. Da'ira mai haske a sama da duhu a ƙasa, tudu ce. Juya ta, ta zama rami. Vilayanur Ramachandran ya yi rubutu a kan wannan a 1988. Ku nemo hoton ramukan duniyar wata a wayarku, ku kulle juyawar fuska, ku kifa wayar sama ta koma ƙasa. Ramukan za su kumburo su zama tuddai a gabanku, alhali kun san ramuka ne.

Sadiya:
Kai! Na gwada yanzu, wallahi sun kumbura.

Abban Yusra:
Injiniya, ba mu saɓa ba. Inuwar maɓalli saƙo take ɗauke da shi: danna ni. Inuwar sandar ƙididdiga kuwa me take cewa? Ba komai. Adadin ɗaya ne, tsayi ya riga ya faɗe shi, sauran duk ƙwaƙwalwa ce za ta yi aikin sharewa.

Kuma akwai wani abu da masu son 3D ba sa son a taɓo. Duk sanda ka nuna fili mai zurfi a kan gilashi shimfiɗaɗɗe, sai ka matse abin da ke kan layin kallonka. Ɗauki mai kula da zirga-zirgar jiragen sama. Ka nuna masa sararin sama a karkace kamar yana leƙowa ta taga, ga jirage biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya hawa a fuskar na'urar. Shin ya fi shi tashi sama ne, ko ya fi shi nisa ne? Hoton ba zai faɗa maka ba, duka biyun iri ɗaya suke fitowa. Shi ya sa na'urarsu ta rada take kallo daga sama kai tsaye, shimfiɗaɗɗiya, tsayin kowane jirgi kuma a rubuce da lamba a gefensa.

Mark St. John da Harvey Smallman da abokan aikinsu, waɗanda suka yi wa sojan ruwan Amurka bincike, sun buga sakamakon gwajinsu a 2001. Idan aikin shi ne gane siffar abu ko yanayin ƙasa, ina tudu ina kwari, 3D ya fi. Idan aikin shi ne faɗin wane ya fi wane tsayi, ko nawa ne tsakaninsu, shimfiɗaɗɗe ya fi. Abin da suka yi ta nanatawa daga baya shi ne wanda ya shafi tambayar Malam: mutane sukan zaɓi hoton da ya fi kama da zahiri, su rantse shi ya fi taimaka musu, ko da kuwa sakamakonsu ya nuna da shi suka fi kuskure.

Mukhtar:
Wato mutum bai san abin da ke taimakonsa ba ke nan? Wannan ai raini ne.

Abban Yusra:
Ba raini ba ne. Jin daɗin kallo a take kake jin sa. Kuskuren da ka yi kuwa ba ka jin sa sai an nuna maka.

Sadiya:
Ni ɗalibar likitanci ce, kuma a wajenmu zurfi ba ado ba ne, shi ne darasin. Ƙashin ƙugu misali. A littafi za ka ga hoton gaba, hoton gefe, hoton sama, ka haddace sunayen duka. Ranar da aka miƙo maka ƙashin a hannu aka ce nuna ramin da jijiya kaza ke bi, sai ka yi ta juya shi kamar yau ka fara ganinsa. Haɗa hotuna uku su zama abu ɗaya a cikin kai aiki ne mai nauyi, kuma ba kowa ne Allah ya ba shi da sauƙi ba. A ajinmu akwai waɗanda ke yi kamar wasa, akwai waɗanda sun fi su ƙoƙari a komai amma nan suke tsayawa.

Malaminmu ya taɓa kawo mana wani gwaji na jami'ar McMaster a Kanada, 2018. Ɗalibai suka koyi sassan ƙugu, wasu daga ƙugun roba da ke gabansu, wasu daga kwamfuta. Masu ƙugun roba suka yi zarra. Aka yi tsammanin taɓawa da hannu ce sirrin, sai aka ga ba ita ba ce. Da aka rufe musu ido ɗaya, fifikon nasu ya zube. Ashe ganin ido biyu ne ke yin aikin.

Haka a tiyatar da ake yi ta ɗan ƙaramin rami, a zura kyamara a ciki. Likita yana kallon talabijin, hannuwansa suna aiki a wani wuri. Sabon shiga zai kai almakashi ya wuce zaren, irin na Kawu da allura sak. Ƙwararru sun koyi karanta inuwa da motsin kayan aiki. Na'urar tiyata mai suna da Vinci, wadda Amurka ta amince da ita a 2000, kowane ido da kyamararsa take ba likita saboda wannan.

Malam Habibu:
To Sadiya, wannan ya nuna gilashin VR zai yi amfani a aji ke nan, tunda ido biyu yake amfani da su?

Dakta Rabi:
A hankali dai Malam. Akwai matsala biyu, ɗaya ta ido, ɗaya ta hankali.

Ta idon ita ce fagena. Idan kana kallon abu na kusa, abu biyu ke faruwa tare: idanu suna karkatowa ciki su haɗu a kansa, sannan ɗan madubin da ke cikin kowane ido yana ƙara kauri don hoton ya fito tas. Tun jarirantaka aikin nan biyu a ɗaure suke da juna, ɗaya ya motsa ɗaya ya bi. A cikin gilashin VR an raba su. Fuskar na'urar an saita ta kamar tana wajen mita ɗaya zuwa biyu, ba ta canzawa. Amma hoton yana iya nuna maka abu a dab da hancinka. Idanu su karkato kusa, madubin ido kuma dole ya tsaya can nesa, in ba haka ba hoton ya yi hazo. A 2008 ɗakin binciken Martin Banks a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ya ƙera na'urar da ke iya daidaita abubuwan biyu ko ta saɓa su. Idan an saɓa, mutane sun fi jimawa kafin hoton ya haɗe musu, ganin zurfinsu ya ragu, gajiyar ido da ciwon kai suka ƙaru. Ɗalibin da ke fama da wannan, rabin ƙarfinsa ya tafi wajen riƙe hoton kafin a zo ga darasi.

Ba a banza Nintendo ya yi gargaɗi ba lokacin da ya fitar da na'urar wasansa ta 3DS a 2011, cewa yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa kada su yi amfani da 3D ɗin, ya kuma sa maɓallin rage shi ko kashe shi ɗungurungum.

Ta hankalin kuwa, Guido Makransky na jami'ar Kopenhagen da Richard Mayer da abokin aikinsu sun buga a 2019. Darasin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya iri ɗaya, a kwamfutar tebur da kuma a gilashin VR. A VR ɗalibai suka ce sun ji kamar suna cikin ɗakin da gaske. Da aka yi jarrabawa, a nan suka fi koyon kaɗan, na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa kuma ta nuna nauyin da ke kansu ya fi yawa. Darasin bai dogara da zurfi ba, don haka zurfin ya zama abin kallo kawai, ana waige-waige ana kallon kwalabe.

Mukhtar:
Dakta, da girmamawa, wannan gilashin zamanin da ne. Na yanzu sun fi sauƙi, sun fi haske. Kuma duk sabon abu dole ya ɗauke hankali a ranar farko. A bar yara su saba tukuna a sake gwadawa.

Dakta Rabi:
Maganar sabo ka yi gaskiya, gwajin zama ɗaya ba ya faɗin abin da zai faru bayan zango guda. Amma hasken hoto bai taɓa matsalar da na faɗa ba. Muddin nisan fuskar na'urar a kafe yake, saɓanin yana nan.

Injiniya Bashir:
Talabijin mai 3D ma haka aka yi ta cewa a saba. Zuwa 2017 LG da Sony sun daina ƙera shi, Samsung ya riga su.

Malam Habibu:
Akwai abin da ke damuna tun ɗazu. Ina zana akwati a allo, murabba'i biyu da layuka huɗu a karkace, wasu yara nan take su ga akwati, wasu su ga layuka kawai. Shin karanta zurfi a zane halitta ce ko koyo?

Abban Yusra:
Tsohuwar rigima ka tono, Malam. A 1960 wani William Hudson a Afirka ta Kudu ya nuna wa mutane zanen maharbi ya ɗaga mashi, ga barewa a gabansa, ga wata 'yar ƙaramar giwa a kan tudu a tsakaninsu, an ƙanƙanta ta don a nuna tana nesa. Tambayar ita ce: wa maharbin ke nufi? Da yawa daga leburorin da ba su yi makaranta ba suka ce giwa, tunda ita ce kusa da bakin mashin a takarda. 'Yan makaranta suka fi cewa barewa.

Mukhtar:
Na san inda irin wannan binciken ke dosa. A zamanin wariyar launin fata, Bature ya zana abinsa ya ce baƙar fata ba ya ganin zurfi. Mutumin da ke jifan dabba da mashi a daji shi za a ce bai san nesa da kusa ba?

Abban Yusra:
An yi amfani da shi ta wannan hanyar, ba shakka, kuma an soki zanen kansa, don layuka ne tsirara, ba inuwa, ba komai. Jan Deregowski ya sake gwadawa a Zambiya ta wata hanya: ya ba mutane zane, ya ba su 'yan sanduna da yumɓu ya ce su gina abin da suka gani. Da yawa daga waɗanda suka faɗi gwajin Hudson suka gina abu mai zurfi. Ganin zurfi a duniya kowa yana da shi. Abin da ake koya shi ne ƙa'idar mai zane, cewa ƙanƙanta a takarda tana nufin nisa, layi a karkace yana nufin ya shige ciki.

Dakta Rabi:
Ƙari a kan haka, Julian Hochberg da Virginia Brooks sun rene ɗansu ba tare da nuna masa hotuna ko koya masa sunan abin da ke cikinsu ba har ya kai wata 19. Da aka nuna masa zanen abubuwan da ya sani, ya ambaci sunayensu. A 1962 suka buga. Gane abu a zane ba ya buƙatar darasi. Akwatinka na allo kuwa, Malam, yana buƙata, musamman da yake layukan baya ma ana ganinsu, ba abin da ya tare wani. Ka goge layuka ukun da ya kamata su ɓuya, ko ka yi su ɗigo-ɗigo, ka ɗan shafa alli a gefe ɗaya ya zama inuwa, ka ga yara nawa za su ƙaru.

Malam Habibu:
Wannan kam gobe zan gwada. A darasin siffofi masu ciki da na sassan jiki zan nemi abin da za a riƙe a juya. Jadawalin ƙididdiga kuma in bar shi a shimfiɗe.

Abban Yusra:
In za ka gwada, kada ka tambaye su wanne suka fi so. Ka jira mako guda ka yi musu tambayoyi a kan darasin.

Mukhtar:
Ni dai ban sauka ba. Ana aikin gilashin da zai riƙa bin ido yana canza nisan hoton. Ranar da ya fito za mu dawo wannan zaure.

Sadiya:
Anti Dakta, tambaya ɗaya kafin a watse. Wata ƙawata ta ce ita a sinimar 3D ba ta ganin bambancin komai, sai ciwon kai. Tana ganin kamar mu ne muke ƙari.

Dakta Rabi:
Ba ƙari kuke ba, ita ma ba ƙarya take ba. Akwai mutane da dama da idanunsu biyu ke gani amma ba sa haɗa hoton, galibi saboda karkatar ido ko raunin ido ɗaya tun yarinta, ƙwaƙwalwa ta saba watsar da saƙon ɗayan. Da yawa ba su ma sani ba, don sauran alamu suna ɗauke musu nauyin. Duk ajin da za a raba wa gilashi, da wuya a rasa irinsu a ciki, kuma su ne za a ce ba sa mai da hankali.

Ki ce ta riƙe biro biyu, ɗaya a kowane hannu, ta miƙa hannuwan gaba ba tare da ta miƙe su sarai ba, ta kawo bakinsu su haɗu. Ta yi da ido biyu a buɗe, sannan ta rufe ɗaya ta sake, kai a tsaye ba kaɗawa. Mai haɗa hoto zai ga ya fi kuskurewa da ido ɗaya. In ita duk ɗaya ne a wajenta, ta je asibitin ido a yi mata gwajin ɗige-ɗigen nan na Julesz, 'yan mintoci ne. Ta tafi da tabaraunta in tana sawa.